Fargaba da ƙuncin rai ga mai ciwon huhu

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar wa mahaifiyata ciwon toshewar hanyoyin numfashi, kuma tun shigowar hunturu, da zarar numfashinta ya sarƙe sai fargaba ta kama ta. Yanzu ta daina fita ko'ina, ba ta son hira. Shin ciwon ne yake jawo wannan?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Sarƙewar numfashi da fargaba suna ƙarfafa juna ne, domin tsoro yana sa numfashi ya yi sauri, iska ta maƙale a huhu, sarƙewar ta ƙaru. Ku koya mata shaƙar iska ta hanci, ta fitar a hankali da leɓɓa a tsuke. Iskar fanka a fuska ma tana sauƙaƙawa.

Amsa ta biyu: Daina fitar ta fi damuna, saboda zama wuri ɗaya yana raunana jiki, haki ya ƙaru. Ku sanar da likita ƙuncin ran nata, domin shi ma ana maganinsa.

Amsa ta uku: Kada a ba ta diazepam, wato maganin kwantar da hankali, sai da izinin likita, yana iya danne numfashi. Salbutamol ma, wato maganin buɗe hanyoyin numfashi, yakan kawo bugun zuciya da rawar hannu masu kama da na fargaba.