Tsohon layin dogon Ayilan a kan tebur: ta ina kuka fara?

Baban Sadik, Limerick

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar haɗa ƙananan jiragen ƙasa. Ni da ɗana muna son gina tsohon layin West Clare, wanda ya tashi daga Ennis ya gangara gaɓar teku har Kilkee da Kilrush, aka rufe shi a 1961. Injin tururin nan mai lamba 5, Slieve Callan, da aka adana a Moyasta, shi ya ja hankalinmu. Sai dai kusan duk abin da na gani a kanti na Ingila ne, kuma kowa sai ambaton lambobi yake yi, 16.5, 21, 12. Wurin da nake da shi jikin bango ɗaya ne, tsawon ƙafa takwas. Don Allah kowa ya faɗa mini yadda ya fara, abin da ya fara saya, da abin da ya fi cin masa lokaci.

Injiniya, Tallaght

Wa alaikumus salam Baban Sadik, barka da shigowa. Bari in warware maka lambobin, don su ke korar mutane tun daga bakin ƙofa.

Yawancinmu da ma'aunin OO muke aiki, inda milimita 4 ke tsayawa a madadin ƙafa ɗaya, wato an rage abu kusan sau 76. Layin da ake sayarwa a kanti faɗinsa milimita 16.5 ne. Babban layin Ayilan kuwa ƙafa 5 da inci 3 ne, ya fi na Ingila faɗi. Da farko kowane kamfani gaban kansa ya yi: layin Dublin zuwa Kingstown na 1834 ya ɗauki ƙafa 4 da inci 8 da rabi, na Ulster ya ɗauki ƙafa 6 da inci 2, sai hukuma ta raba gardama ta tsayar da 5 da 3, doka ta tabbatar da shi a 1846. In ka rage wannan zuwa OO, milimita 21 zai ba ka. Ita kuma 12 ta ƙananan layuka ce masu faɗin ƙafa 3, irin naka na West Clare, da na Donegal, da na Tralee zuwa Dingle.

Ni da 16.5 na fara, a kansa nake har yau. Na zaɓi farkon shekarun 1960 na CIÉ, kamfanin sufuri na gwamnatin Ayilan, lokacin da tsoho da sabo suka cakuɗe: injunan dizal na General Motors sun fara isowa daga Amurka, samfurin 121 a 1961, na 141 a 1962, ga kuma tsofaffin taragun katako, wasu da koren fenti, wasu da sabon fenti baƙi da ruwan goro. Na sayi 141 na Murphy Models a hannun wani, da taragun kaya kaɗan, a daren ranar jirgi na zagaya teburin cin abinci. In da yaro a cikin harkar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaro ba zai zauna wata da watanni yana kallon kana goga tagulla ba.

Ka kuma sani kasuwar kayan Ayilan ƙarama ce. Kashi-kashi ake yin su, in sun ƙare sai a hannun mutane, farashi kuma ya hau. In ka ga abin da ya dace da zamaninka, kada ka ce sai gobe.

Dattijo, Belfast

Injiniya ya faɗi gaskiya, amma bai ƙarasa ba. Layin 16.5 in ka mayar da shi girman gaske ƙafa 4 da inci ɗaya da rabi ne, ya gaza na Ayilan da fiye da ƙafa guda. Daga gefe ba ka gani. Ka duƙa ka dubi injin ta gaba, sai ka gan shi kamar ƙaton mutum ya haɗe ƙafafunsa wuri ɗaya. Ni tun da idona ya kama wannan na kasa kawar da kai.

Layin Sligo, Leitrim da Northern Counties nake ginawa, wanda aka rufe a 1957. Shanu ne abincinsa, daga yamma yake kwaso su zuwa Enniskillen, injunansa kuma suna ake sa musu maimakon lamba. Ɗayansu, Lough Erne, yana nan a Whitehead, na je na auna shi da idona.

Layin 21 da hannu nake yin sa. Ina yanka siraran allunan nan masu fuskar tagulla na 'yan gyaran rediyo su zama katakon ƙarƙashi, in jera su a kan zanen takarda, in like ƙarfe ɗaya da dalma, in sa ma'auni tsakani, sannan in like na biyun. Daga nan sai in kankare tagullar a tsakiyar kowane katako, in ba haka ba wuta ta haɗu jirgi ya tsaya cik. Tayoyin tarago ma sai an sa musu sanda mai tsawo. Miƙaƙƙen layi da yamma ɗaya ka iya shi. Mararrabar sauya layi ce ke neman haƙuri.

Ɗana, ba na ce ka bi hanyata yau ba. Amma kafin ka tara injuna goma a kan 16.5, ka samu ka ga na 21 ido da ido, don mayar da su daga baya aiki ne ja.

Injiniya, Tallaght

Baba, na yarda naka ya fi kyau a ido, babu musu. Amma kai shekara nawa ka yi kana riƙe da ƙarfen dalma kafin ka zo nan? Mai farawa ya ga jirgi na motsi tukuna.

Maman Ilham, Ennis

Sannunku. Baban Sadik, a bakin layin naka nake zaune, shi ya sa na ce bari in sa baki. Maigidana ne mai injuna, ni gine-gine da ƙasa nake yi, kuma abin da na lura shi ne baƙi in sun shigo ba su tambayar faɗin layi. Katanga suke kallo, da rufi, da shanu.

Yammacin Clare ba bishiyoyi sosai, iskar teku ba ta barin su. Abin da ke akwai katangun dutse ne da aka jera ba siminti, da ciyawa mai duhun kore, da fararen gidaje. Katangar da yumɓun yara mai bushewa a iska nake yin ta. In murza shi tsayin milimita 16 ko ƙasa da haka, in bari ya ɗan sha iska, in zana duwatsun ɗaya bayan ɗaya da bakin allura. In ya bushe in shafa fenti ruwan toka mai ruwa-ruwa ya shige cikin tsagogin, sai in bi saman da busasshen burushi mai ɗan fari. Gidan tasha kuma da kwalin hatsin karin kumallo na fara, ninki uku da gam. Ƙofa mai ƙafa 6 da rabi milimita 26 ce, daga ita nake auna sauran ginin a jikin hoto.

Gidajen tasha da dama na nan tsaye, amma mutane ne a ciki yanzu. A ƙwanƙwasa a nemi izini kafin a ɗaga waya. Ni dai duk inda na tambaya an karɓe ni hannu bibbiyu, wata tsohuwa har ta zagaya da ni baya ta nuna mini inda dandamalin hawa yake a da.

Tsofaffin taswirorin gwamnati masu inci 25 a mil ɗaya suna intanet kyauta, suna nuna kowane reshen layi da garken lodin shanu. Babban ɗakin karatu na ƙasa a Dublin ma yana da tarin hotunan jiragen ƙasa na O'Dea. Amma yawancin hotunan baƙi da fari ne, don haka ka tsayar da shekara kafin ka buɗe gwangwanin fenti. West Clare ta shiga hannun kamfanin jiragen ƙasa na Great Southern a 1925, su kuma ruwan toka zalla suke shafa wa injuna. A 1945 CIÉ ta karɓa.

Ɗan Layin Dogo, Kaduna

Ni daga gida nake yi, don haka matsalolina daban ne. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, a kwatas na tashi, layinmu na Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne. Da na je karatu Ayilan na ga ragowar layin Cavan da Leitrim a Dromod, mai ƙafa 3, wanda ya yi ta jigilar kwal daga Arigna har 1959, sai na ji kamar na san shi. Da shi na dawo a raina.

A nan ƙura ce babbar abokiyar gaba. Lokacin hunturu in ka bar teburin a buɗe kwana biyu, injin sai ya riƙa tafiya yana tsayawa, don wuta ta cikin ƙarfen layin take bi ta shiga tayoyi. Na ɗinka masa murfi da leda mai kauri, kuma kafin in kunna sai na goge layin da tsumma da ɗan sifirit. Zafin bazara yana sa ƙarfe ya miƙe, saboda haka ina barin ɗan rata kaurin kati a kowace mahaɗa. Da damina kuma katako kan kumbura, shi ya sa na yi wa allon fenti ciki da waje. Wuta ba ta dame ni ba, volt 12 abin ke ci, daga batirin sola nake ja. Ƙananan kaya kuwa sai wani zai zo gida nake roƙo ya riƙo mini, sauran duk da kwali, waya da tsinken sakace nake yi.

Likita, Letterkenny

Tunda West Clare kake so, ni ne na fi kusa da kai, don a milimita 12 nake gina layin Donegal. Albishir ɗin shi ne ba sai ka yi layi da hannu ba. Kamfanin Peco na yin layi mai faɗin 12 har da mararraba, an yi shi ne don jiragen Turai, amma in ka zuba tsakuwa ka yi fenti ya zauna. Wahalar tana wajen abin da zai hau kai. Da wuya ka samu injin West Clare a kwali ka ɗora kawai. Akwai faranten tagulla da aka zana sassan jiki a kai, irin na Worsley Works, amma ƙarƙashin da tayoyi da mota, wato ɗan injin lantarkin da ke juya su, kai za ka nemo.

Ga inda sauƙin yake. A shekarun 1950 CIÉ ta mayar da West Clare kan dizal, ta kawo motocin layi huɗu, wato taragun fasinja masu injinsu a jiki, na kamfanin Walker da ke Wigan, 'yan uwan na Donegal masu lamba 19 da 20, sannan injunan dizal uku a 1955. Jikin motar layi kusan akwati ne mai tagogi, ba tukunyar tururi. Ni da irinta na fara, jikin da farantin roba, ƙarƙashin kuma na wani ƙaramin jirgi ne mai faɗin 12 da na saya na hannu. Kafin ita na haɗa taragun shanu biyu ina tura su da yatsa, a nan hannuna ya faɗa.

Moyasta kuma ka bar ta tukuna. Mahaɗa ce mai kusurwa uku, ƙafa takwas ba za su ɗauke ta ba. Ƙaramar tasha irin Corofin ta fi dacewa da bangonka, ka bar ƙafa biyu a ƙarshe a ɓoye inda jirgi zai shige ya fito.

Baban Sadik, Limerick

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Mun zauna da Sadik mun karanta. Mun tsayar da Corofin, 1956, a milimita 12. Shi zai ɗauki katangu da shanu yadda Maman Ilham ta kwatanta, ni in fara da tarago. Injiniya, maganarka ta yaro ta shige ni, don haka zan nemi ƙarƙashin mai mota tun yanzu ko da ba jiki a kansa, ya riƙa kai da kawowa. Baba Dattijo, ina son ganin na 21 ɗin nan in ka ba da dama. Likita, wane kauri na farantin roba kake amfani da shi?

Likita, Letterkenny

Milimita ɗaya don ƙasa da bango, rabin milimita don abin da za ka lanƙwasa. Kada ka yanke shi gaba ɗaya, ka ja wuƙa sau biyu ko uku a jikin rula ta ƙarfe, ka karya, zai rabu tsaf. Tagogi kuma ka huda su tun farantin yana shimfiɗe, kafin ka yanke gefen. Wuƙar ta zauna a hannunka, Sadik ya riƙe gam da fenti.

Dattijo, Belfast

Ƙofa a buɗe take ɗana, ka zo da yaron. In Belfast ta yi muku nisa, ƙungiyoyin Dublin kan yi baje koli a hutun ƙarshen Oktoba, in Allah ya kai mu zan sauko da allo ɗaya a mota. Ka taho da taragon naka ko bai ƙare ba, mu duba tayoyin tare.