Silon Fijo 504 yana faɗuwa idan na taka birki

Mai Fijo, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina da Fijo 504 mai kafireta, watau na'urar da ke haɗa mai da iska, cikin waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, wadda na gada daga mahaifina. Tun shigowar hunturun bana, duk sa'ad da na taka birki a cikin cunkoso sai inji ya fara karkarwa, wani lokaci ma ya mutu gaba ɗaya. Wani makanike ya ƙara mini silo, watau gudun inji idan ba a taka totur ba, motar ta daina mutuwa, amma yanzu tana gurnani kamar an taka totur, kuma shan mai ya ƙaru. Ina neman shawarar masana a kan yadda ake daidaita silon daidai, domin ina so in gwada da hannuna.

Tsohon Makanike:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa kowane sukuru, ka sani cewa silo ba ya lalacewa haka kawai. Motar da ta yi shekaru tana zaune lafiya, idan ta fara mutuwa, to akwai abin da ya sauya, kuma abin da makanikenka ya yi shi ne rufe ciwon da ƙarin mai. Abin da ya fi jan hankalina a bayaninka shi ne maganar birki. A 504 akwai tiyon da ya taso daga inji zuwa sabo (servo) na birki, watau wannan baƙin tulun da ke sauƙaƙa takawa, kuma idan tiyon ya tsage ko robar cikin tulun ta huje, inji yana zuƙar iskar da ba ta bi ta kafireta ba, sai iska ta rinjayi mai, silo ya faɗi. Ka tayar da motar, ka kasa kunne ko za ka ji huci a wajen, sannan ka cire tiyon ka toshe bakin da ke gefen inji, motar tana tsaye wuri ɗaya. Idan karkarwar ta lafa, ka gano ɓarawon. Ka duba gasket ɗin ƙasan kafireta, da matatar iska wadda ƙurar hunturu ke cikawa, da ƙaramin jet na silo, watau 'yar kafar da mai ke bi a cikin kafireta, wanda dattin man bumburutu ke toshewa cikin sauƙi.

Bayan haka ne za ka zo ga daidaitawa. Ka bar inji ya yi zafi sosai, cok, mai rage iska idan inji yana da sanyi, ya koma, giya tana firi, fitilu a kashe. Sukurori biyu ne: ɗaya yana tokare hannun totur, shi ne na gudu, ɗayan kuma yana gindin kafireta, shi ne mai auna haɗin mai da iska. Ka sauke gudun da na farko zuwa wajen juyi 850 ko 900 a minti, sannan ka shigar da na biyu a hankali, rubu'in juyi a kowane karo, kana jira kaɗan bayan kowane juyi, har inji ya fara sarƙewa. Daga nan ka dawo da shi waje har ka ji muryar ta zauna sumul. Idan gudun ya haura, ka sake sauke shi da na farko. Kada ka ɗaure sukurun haɗi da ƙarfi, domin bakinsa siriri ne kamar allura, kuma idan ya lanƙwashe ba zai ƙara aunawa daidai ba.

Direban Tasha:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ina da ƙari guda. Idan taimin ya goce ko fulogi sun yi baƙi, ko ka kwana kana juya sukuru ba za ka sami silo mai kyau ba, saboda haka a fara da wuta. Sannan yawancin motocinmu an cire musu tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi zafi, da sunan wai ƙasarmu da zafi, abin da ni ban yarda da shi ba, kuma irin wannan inji yana daɗewa bai yi zafi ba da safiyar hunturu. Wanda ya daidaita shi a lokacin, da rana zai ji shi yana ihu.

Malama Mai Corolla:
Don Allah Baba, ni tawa mai injekta ce, kuma silonta yana hawa da sauka idan na kunna esi. Ina sukurun nata yake?

Tsohon Makanike:
Hajiya, a irin taki kwamfutar mota ce ke riƙe da silo, ta hanyar wani ƙaramin bawul ko kuma ƙaramin injin lantarki da ke buɗe maƙogwaron totur. Yawanci baƙin datti ne ke taruwa a maƙogwaron, sai a wanke shi da maganin da aka yi domin haka, a bar kwamfutar ta sake koyon silon. Idan kin ga wani sukuru mai ɗigon fenti a jiki, na kamfani ne, kada ki bari yaron gareji ya juya shi.

Mai Fijo, Zariya:
Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba yau da safe, tiyon ya tsage ta ƙasa daidai wurin kilif, inda ido ba ya gani. Na sauya shi, kuma da na tayar da motar sai silon ya yi sama sosai, har sai da na mayar da sukurun gudu baya kusan juyi ɗaya da rabi. Na haɗin ban taɓa shi ba tukuna, sai ranar Asabar idan na wanke jet ɗin.