Wace shawar tafi-da-gidanka ce ta dace da kwanan daji?

Mai tambaya, daga Gombe:
Assalamu alaikum. Aikin noman rani zai sa in kwana biyu a kusa da madatsar ruwa ta Dadin Kowa, inda babu banɗaki, kuma ina son sayen shawar da za ta amfane ni har a gida idan famfo ya ɗauke. Wacce ta fi?

Amsa daga Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malam. Baƙar jakar ruwan wanka mai cin lita 20 da ake shanyawa a rana, sannan a rataye ta a yi wanka a ƙarƙashinta, ta fi sauƙi, domin ba ta buƙatar wuta, sai dai nauyinta idan ta cika ya kai kilo 20, don haka a nema mata reshe mai ƙwari. Tawa ta taɓa karyo reshen dogonyaro alhali sabulu na idona. A riƙa taɓa ruwan tukuna, domin ranar bazara takan sa ya yi zafin ƙuna.

Amsa daga Kumo:
Ni dai, ɗan'uwa, ƙaramin famfo mai caji da ake tsomawa a bokiti na fi so, amma a tace ruwan madatsa da ƙyalle, domin yashi yana toshe shi.