Amon sifirin da ƙiftawar sauti: mu tsayar da suna

'Yan'uwa masu kaɗa jita da masu haɗa sauti, ina so mu raɗa wa abubuwa biyun nan suna da Hausa: Reverb da Tremolo, waɗanda ke rubuce a fuskar amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sautin jita) da kan fedar da ke kwaikwayonta ('yar na'urar sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa). Gardamar wanne daga cikinsu sauti zai fara ratsawa kafin ɗayan ba ta faɗuwa da Hausa sai an yi wannan.

Na farkon ba ya da wuya. Wasu sun ce amsa-kuwwa, amma amsa-kuwwa ita ce ka yi kira ka ji ya dawo maka a rarrabe, kuma wannan aikin wata na'ura ce daban. Shi Reverb jela ce da ke bin sauti tana narkewa, ba ka iya ƙirga dawowarta. A tsofaffin amfilifayoyin kamfanin Fender kuwa sifirin ne na gaske, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, a miƙe cikin dogon akwatin ƙarfe: ana girgiza shi ta wannan baki, a ɗauki motsin ta wancan. Daga kamfanin Hammond aka samo dabarar. Fender ya fitar da ita a akwati na daban a 1961, ya sa ta cikin amfilifayar Vibroverb a 1963. Amon sifirin ke nan, ban ga abin ja a nan ba.

Na biyun ne mai ƙura. Wani malami ya kawo shawarar a kira shi "rawar murya". Malam, Allah ya ƙara basira, amma ban bi ka ba. Mawaƙi in ya yi rawar murya, sautin ne ke ɗan hawa yana sauka tsakanin siriri da kakkaura, wato abin da ake kira Vibrato. A Tremolo sautin na nan inda yake, ƙarfinsa ne ke ƙaruwa yana raguwa. Fender da kansa ya cakuɗa su: hannun jitar Stratocaster ta 1954 mai lanƙwasa sauti ya kira shi tremolo, ya kuma rubuta Vibrato a amfilifayar da ƙarfin sauti kawai take taɓawa. Kada mu gaji wannan ruɗani mu shigo da shi Hausa.

Shawarata ita ce ƙiftawa. A cikin amfilifayoyin Fender Deluxe Reverb da Twin Reverb na shekarun 1960 akwai ɗan ƙwan fitila da ke ƙiftawa a gaban wani ɗan abu mai jin haske, duk lokacin da ya haska sai a zubar da wani ɓangaren sautin. Princeton Reverb ba ta da wannan fitila, ta wata hanya take rage ƙarfin, amma kunne ƙiftawar dai yake ji.

To da sunayen nan, ga yadda jerin yake. A waɗancan amfilifayoyi amo ke gaba, ƙiftawa na biye. Ka bugi tsirkiya sau ɗaya ka danne ta da tafin hannu: jitar ta yi shiru, amma jelar da ta rage za ka ji tana lumshewa tana buɗewa har ta ƙare. Wannan shi zan kira ƙiftaccen amo. In aka juya, ƙiftawa ta riga, amon ya zubo a kanta ya cike guraben shirun, sai bugun ya yi laushi, jelar ta tafi sumul. Wannan kuma amo kan ƙifta.

Feda irin Flint ta kamfanin Strymon tana barin mutum ya zaɓi jerin da yake so, kuma kowanne da wurinsa. Amma fedar da ta ce tana kwaikwayon tsohuwar Fender alhali ƙiftawarta na gaban amo, a ganina ba ta cika alkawari ba.

Saura nau'in da ake kira Harmonic, mai raba sauti gida biyu, siriri da kakkaura, su riƙa karɓa-karɓa. Na fi karkata ga "ƙiftawar karɓa-karɓa", sai dai ta yi tsawo a baki. Mai gajeruwa ya kawo.