Neman kalma: me za mu kira "thermoelectric cooler" da Hausa?

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan yi wa 'yan ƙungiyar kimiyya darasi kan yadda ake gyara kyamarar kwamfuta ta ɗauki hoton taurari, kuma da Hausa ake son takardar. Na maƙale a kan ɗan faifan nan da ake haɗa wa idon kyamarar, wato ɗan guntun da ke ɗaukar haske a cikinta, don ya yi sanyi. Na rubuta "ƙaramin firji" amma raina bai kwanta ba.

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Cire firji, Malama. Firji da gas da kwamfaresa yake aiki, wannan kuwa ba abin da ke motsi a cikinsa. Faranti biyu ne na tangaran da ƙananan tubala jere a tsakani. In lantarki ya ratsa, fuska ɗaya ta yi sanyi, ɗayar ta yi zafi. In an juya waya su yi musanya. Bafaranshe Jean Peltier ne ya gano haka a 1834. Kwashe zafi yake daga nan ya zuba can, don haka ni "famfon zafi" zan ce.

Mai Fassara: Yaro ya ji famfon zafi, ruwan wanka zai tuna. Tsarin mabuɗi da magirbi ya ba mu "masanyayi", jam'i masanyayai.

Baba Dattijo: Famfo, firji, duk aro. Kakanninmu na sanyaya ruwa tun kafin a haifi Peltier. "Randar lantarki". An gama.

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Baba, amma randa da tsattsafo take sanyaya ruwa, iska na busar da jikinta. In ɗalibi ya ɗauki wannan hoton a ka, ba zai gane abin da ya fi kashe aikin ba, wato fuskar zafi. Samfurin da ya cika kasuwa, TEC1-12706, milimita 40 ne kowane gefe, tagwayen tubala 127, yana iya jan amfiya 6. A bolt 12 zai zubar da zafin da ya kai wat 50 zuwa 60 ta baya. In ba a ɗaura masa ƙarfen nan mai haƙarƙari da ke kwashe zafin firosesar kwamfuta da fanka ba, an shafa man da ke tsakaninsu siriri, nan da nan fuskar sanyin ma za ta ɗumama.

Mai Hangen Taurari: Kuma wannan samfurin ya yi wa aikin girma. Kyamarorin da aka fi gyarawa a da, Philips ToUcam Pro da SPC900NC, idonsu Sony ICX098 ne, rubu'in inci kacal, zafin da yake fitarwa kaɗan ne. Ko a nemi faifai mai milimita 15 zuwa 20, ko a ba wa babban bolt 5, inda zai ja kusan amfiya 2. Dalilin sanyayawar shi ne, bayan gyaran da wani mai hangen taurari, Steve Chambers, ya fito da shi, kyamara na iya buɗe ido na daƙiƙu da yawa, sai ɗige-ɗigen da zafi ke haifarwa su cika hoton. Suna raguwa da kusan rabi duk saukar digiri 6 ko 7. Saukar digiri 20 kenan ta mayar da su kusan kashi ɗaya cikin takwas, ya isa.

Baba Dattijo: Ba lissafi aka tambaye ku ba, suna aka tambaya. Randa dai.

Ɗan Maraɗi: Baba, "lantarki" ɗin da ke cikin randarka daga ina ya zo? Mu a nan "kura" muke ce wa wutar, ba wanda ya mutu. Kuma in za a sa sunan mutumin, Peltiye ake furtawa, ba Feltiya irin ta mutanen Kano ba.

Mai Fassara: To ga shi an fara. Daidaitacciyar Hausa ba laifin Kano ba ce.

Ɗan Maraɗi: Ban ce laifi ba ne. Sunan Bafaranshe dai a bar wa masu jin Faransanci.

Baba Dattijo: Lantarki ya zauna, ya yi 'ya'ya a Hausa. Peltiye baƙo ne. In kowace kalma sai mun roƙo, me za mu bar wa jikoki?

Mai Hangen Taurari: Jikokin za su je sayen abin, Baba, kuma mai shago Peltier ya sani, in suka ce randa zai nuna musu layin masu tukwane. Malama, kafin gardama ta cinye mu, sa waɗannan a takardar. Faifan ba ya taɓa idon kai tsaye. Ɗan tsinken jan ƙarfe ko alminiyum ne ke haɗa bayan idon da fuskar sanyi, a rufe shi da soso. A ɗaure da sukurun roba, na ƙarfe zai mayar da zafi baya. Kada a rage wuta da na'ura mai kunnawa da kashewa da sauri, tana sa layi-layi a hoto, kuma a raba wutar faifan da ta kyamara. Sai raɓa: da hunturu iska busasshiya ce, da damina kuwa gilashin ido zai yi gumi, ruwa ya sauka kan allon lantarkin kyamarar. A toshe akwatin, a jefa ƙullin silika irin na kwalin sabon takalmi.

Mai Fassara: Masanyayi ya yi faɗi, na yarda, har fanka zai shiga ciki. "Faifan sanyi na Peltiye" a karon farko, daga nan "faifan sanyi" kawai.

Injiniya: Ya ɓoye fuskar zafi, amma ya fi firji. A bi shi da jimla ɗaya mai cewa bayansa zafi yake.

Baba Dattijo: Faifai dai namu ne. Ku cire Peltiyen in kun ga dama, ba za ku cire ba na sani.

Malamar Kimiyya: Na gode, na ɗauki faifan sanyi na Peltiye. Saura ƙarfen mai haƙarƙari. Na sa "matsotsin zafi" na wucin gadi, in akwai wanda ya fi shi a turo kafin daren Laraba, da safe za a kai wurin bugawa.