Shin Kogo Ƙara Zafi Yake Yi Idan Ya Yi Zurfi?

Injiniya: Ni dai ina kan bakana. Duk inda aka nutsa cikin ƙasa zafi ƙaruwa yake yi, kusan digiri 25 zuwa 30 na ma'aunin Celsius a kowace kilomita. Mahaƙar zinare ta Mponeng a Afirka ta Kudu ta kusa kilomita 4, dutsen can yana kai digiri 60, sai da ƙanƙara ake sanyaya wa ma'aikata wurin. Kun ce cikin kogon Veryovkina sanyi ne. To me zai hana kogon da zurfinsa ya haura mita 2,200 ya yi zafi?

Malama: Injiniya, lissafinka na mahaƙa daidai ne, amma duba inda ake fara awon. Bakin kogon yana can saman tsaunin Arabika a Abkaziya, yankin da ke gaɓar Baƙin Teku, sama da mita 2,200 daga matakin teku. Wanda ya kai ƙarshensa kusan matakin teku ya sauko. Cikin tsauni yake tafiya.

Dakta: Babban dalilin ma ruwa ne. Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna ɗaukar iskar kabon daga ƙasa, su yi ɗan tsami, su bi tsagar dutsen farar ƙasa suna cinye shi. Ruwan da ya haƙa kogon shi ne har yau yake kwashe zafin dutsen. Shi ya sa a maƙwabcinsa kogon Krubera ake samun kusan digiri 1 a sama, ƙasa kuma kusan 7 kacal.

Injiniya: To kogon lu'ulu'u na Naica a Meziko fa? Zurfinsa mita 300 kacal, zafinsa digiri 58.

Dakta: Wannan narkakken dutse ne a ƙarƙashinsa, kuma ruwan zafi daga ƙasa yake tasowa. Ka ga ba zurfi ne ya kawo zafin ba.

Malama: Kuma wannan kuskuren yana iya cin rai. Wanda ya shiga da kayan auduga yana zaton ɗumi, da zarar sun jiƙe sanyi zai kama shi, yatsu su ƙage, ya kasa sarrafa abin hawa igiya. Ana sa rigar ciki mai kauri wadda ba ta riƙe ruwa, a ɗora wadda ruwa ba ya ratsawa. Igiyar kuma, mai kaurin milimita 9 ko 10, a kafa ta nesa da inda ruwa ke zubowa, a sake ɗaure ta duk inda za ta goga dutse.

Injiniya: Na yarda da Arabika. Amma daga 1 zuwa 7 ai ƙaruwa ce, Dakta.