Neman tabar sigar mai baƙar riga wadda aljihu zai iya ɗauka a kai a kai

Mai Karan Yamma:

Barkanmu da warhaka, 'yan'uwa. Kusan shekara uku ke nan da na koma shan tabar sigar mai duhun riga (wato ganyen da aka naɗe karan da shi daga waje), wadda ake kira maduro, saboda wannan ɗan zaƙi mai kama da na koko da gahawa da ban taɓa samu a masu hasken riga ba. Damuwata ita ce duk waɗanda suka kwanta mini a rai masu tsada ne, irin waɗanda mutum yake ajiyewa sai wata rana ta musamman, alhali ni abin da nake so shi ne wadda zan kunna sau uku ko huɗu a mako bayan na tashi daga aiki, ba tare da ina zuƙa ina lissafi ba. Sau ɗaya na gwada wani dami mai sauƙin kuɗi, rigarsa baƙa ƙirin kamar gawayi, amma tun kafin in kai rabin kara na ga baƙi a leɓena da yatsuna, ɗanɗanon kuma ɗaci ne zalla. Shin akwai maduro ta gaskiya da za a iya sha a kai a kai, ko kuwa a nan ma araha ba ta ado?

Dattijon Ganye:

Malam, abin da ya same ka ya sami da yawa daga cikinmu, kuma ina kyautata zaton rinannen ganye aka sayar maka. Kalmar maduro da harshen Sifaniyanci tana nufin abin da ya nuna, don haka asalinta magana ce a kan yadda aka sarrafa ganyen. Ana zaɓar ganye mai kauri wanda ya sha rana, a shanya shi, sannan a jera shi tsibi-tsibi da ɗan danshi har zafi ya taso daga cikin tsibin da kansa. Idan zafin ya kai inda ake so sai a rushe tsibin a sake jerawa, na ciki ya koma waje, a yi ta maimaitawa wata da watanni. A wannan tsimuwar ce ganyen yake yin duhu, kaifinsa ya kwanta, zaƙinsa ya fito. Siririn ganye ba ya jure wannan wahalar, yagewa yake yi, shi ya sa irin da ake yin maduro da su ba su da yawa: Connecticut Broadleaf na Amurka, wanda ake sarewa da kararsa gaba ɗaya a rataye, da San Andres na jihar Veracruz a Meziko, wanda yake tsirowa a ƙasar da aman wutar dutse ya bari, sai Mata Fina da Arapiraca na Brazil. Wanda ba ya son jiran watannin nan shi ne yake turara ganye da tururi ko ya rina shi.

Gane rinannen ba shi da wuya. Ganyen da ya yi duhu da kansa ba ya zama launi ɗaya tun daga kai har gindi. Za ka ga wani wuri ya fi wani duhu, jijiyoyinsa a fili, wani lokaci har da ɗan ja-ja idan ka ɗaga shi a haske. Ka jiƙa farin ƙyalle kaɗan ka goga: ɗan ruwan ƙasa-ƙasa ba laifi ba ne, domin ganyen yana da maiƙo, amma idan baƙi ya fito kamar tawada, to ka san inda aka dosa.

Game da kuɗi kuwa, abin da nake so ka riƙe shi ne kara ɗaya yana da sassa uku, wato ganyen ciki, da ganyen da ya ɗaure shi, da riga, kuma rigar ce ta fi kowanne tsada, saboda ana son ta fito sumul babu tabo babu huji. Amma ba kuɗin ganye kaɗai kake biya ba. Akwai akwatin katako, da zoben takarda mai ruwan zinariya, da aikin mai tantance launi wanda yake zama ya jera karare domin duk na akwati ɗaya su yi kama da juna, da kuma sunan kamfani. Duk waɗannan ba a zuƙar su. Saboda haka ka nemi ragi a kansu, ka bar ganyen yadda yake: dami mai kara 20 ko 25 a naɗe cikin leda, da kuma waɗanda masana'anta ta ware saboda tabon rana ko jijiya mai kauri. A maduro wannan ya fi sauƙin yafewa, tun da Broadleaf ko a cikin masu tsada ba kyakkyawan ganye ba ne a ido.

Wani abu kuma, tun da ka ce sau da yawa a mako: duhun riga ba shi ne ƙarfi ba. Ƙarfin yana zuwa ne daga ganyen ciki, musamman na can saman shuka da ake kira ligero. Akwai maduro masu laushi ƙwarai, kuma su suka fi dacewa da shan yau da gobe.

Ma'ajin Toka:

Dattijo ya gama bayanin tushe, ni sunaye kawai zan ƙara. Idan ana zancen maduro ta yau da kullum, da wuya a tashi ba a ambaci kararen gidan Padrón masu lamba 2000 da 3000 ba. Gidan ya fara aiki a Miami a 1964, ganyen duka na Nikaragwa ne, kuma duk da cewa waɗannan su ne na ƙasa a jerin kayansu, sun fi na wasu da dama da ake yi wa kirari. Rigarsu ba ta da kyan gani sosai, amma suna zuƙuwa ba gardama. Brick House Maduro na gidan J.C. Newman yana sanye da Arapiraca, ga wanda yake son zaƙin Brazil. Arturo Fuente 8-5-8 Maduro daga Jamhuriyar Dominika ya fi su laushi. A ɓangaren dami kuwa akwai Flor de Oliva da Quorum da Factory Smokes, kowanne yana da nau'in maduro.

Na Kyuba ka cire su daga wannan lissafin. Cohiba Maduro 5, wadda ta fito a 2007 da rigar da aka ajiye shekara 5, tana cikin waɗanda ka ce ana adanawa sai ranar musamman.

Mai Shakka:

Ina neman afuwar Dattijo, amma ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba a kan waɗanda masana'anta ta ware. Ba kullum ne aibin yake tsayawa a riga ba. Na taɓa sayen dami biyu masu suna ɗaya, tsakaninsu wata huɗu. Na farko ya yi daɗi, na biyu kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku an matse su har ba sa zuƙuwa, wasu kuma suna cin wuta gefe guda. Idan ka jefar da kara shida cikin ashirin, ina arahar take? Sannan ya kamata mai tambaya ya duba ko ganyen cikin dogo ne daga kai har gindi, ko kuwa gutsattsarin da suka rage ne aka haɗa da ɗan dogon ganye. Na gutsattsarin ba abin ƙi ba ne, sau da yawa ragowar ganye mai kyau ne, sai dai yana saurin ci, yana zafi, tokarsa ba ta tsayawa, kuma wani lokaci ɓarɓashi yana shiga baki.

Ni inda nake samun sauƙi shi ne girman kara. Ana auna kauri da kashi 64 na inci, don haka girman da ake kira robusto, mai tsawon inci 5 da kauri 50, ya fi wanda ake kira corona, mai kauri 42, cin ganye nesa ba kusa ba. Wanda yake neman ɗanɗanon riga, siririn kara ma ya fi masa, domin rabon rigar a cikin hayaƙin ya fi yawa. Ka sayi ƙaramin kara na gida mai kyau, ya fi maka ƙaton kara na gidan da ba ka sani ba. Kuma kada ka sayi dami sai ka fara gwada kara biyar.

Tun da maganar sha a kai a kai ce, ba zan ɓoye maka ba: babban kara ɗaya yana iya ɗaukar taba kwatankwacin kwalin sigari guda, kuma ko ba ka haɗiye hayaƙin ba, baki da maƙogwaro suna cikin haɗarin ciwon daji. Wannan ma dalili ne na biyu da ya sa na koma ƙananan karare.

Mai Karan Yamma:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da kara biyar-biyar na iri uku, a girman corona. Abin da ya rage mini shi ne ajiya: akwatin danshina ba ya ɗaukar fiye da kara 25, to idan na sami wanda ya yi mini na sayi dami, ina zan zuba su?

Dattijon Ganye:

Ba sai ka sayi sabon akwati ba, Malam. Robar ajiya mai murfin da iska ba ta shiga ta wadatar; ka wanke ta, ka bar ta ta bushe har warin roba ya fita, ka sa ƙunshin daidaita danshi irin na Boveda da ɗan ma'aunin danshi. Ga maduro na fi son danshi kashi 65 cikin ɗari a kan 70 da aka saba faɗa, saboda ganyen yana da kauri da maiƙo, idan danshi ya yi masa yawa sai ya riƙa mutuwa a hannu, kuma ina zargin wasu daga cikin kararen da Mai Shakka ya jefar da sun gyaru da ya rage musu danshi. Ka ajiye robar inda zafi bai wuce digiri 21 na Salsiyas ba, domin a cikin zafi ne ƙwan ƙwaron taba yake ƙyanƙyashewa ya huhhuje kaya. Sabon dami kuma kada ka yanke masa hukunci ranar da ya iso. Ka cire ledar da ta ɗaure shi, ka bar shi ya huta wata ɗaya ko biyu, sannan ka kunna na farko.